Daga Kan Tabarmar Zubi: Wasan da ke koya wa hannu aiki

Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, kamar yadda muka saba.

Maganar watan nan ta taso ne daga wani rance da muka ƙi bayarwa.

Ranar zubi ce, yau wata biyar ke nan. An kira suna, an ƙirga kuɗi, ma'ajiya ta ɗora hannu bisa akwati, sai wata ƴar ƙungiyarmu mai tuyar ƙosai ta ce tana son rancen jika 40. Muka tambaye ta, kamar yadda dokarmu ta ce, wace sana'a za ta zuba kuɗin. Ta sunkuyar da kai, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce: "Yaya, ba sana'a ba ce. Don yaron ga ne."

Duk mun san yaron. Shekararsa 7, yana aji biyu a lakwal. Yaro ne mai baki, mai wayo, in kin aike shi shago ba ya ɓatar miki da canji ko na dala. Amma in an miƙa masa kofin koko, rabi a ƙasa yake ƙarewa. Bai iya sa maɓallin rigarsa ba. In yara za su buga ƙwallo, ba mai son a ba shi shi. A allo kuwa haruffansa hawa kan juna suke yi, kafin ya gama layi ɗaya abokansa sun yi huɗu. A gida a ce masa sakarai, a lakwal a ce masa raggo, bulala nan bulala can. Har ya kai duk safiya sai ya ce cikinsa na ciwo don kada ya je.

Wani mai shago ne a kasuwa ya nuna wa uwar ƙaramar kwamfutar nan ta hannu mai kama da allo. Ya ce mata akwai wasanni a ciki da ke gyara hannun yaro, su buɗe masa kai. Ita kuwa uwa, in an ce mata ga maganin ɗanta, ko zanen jikinta sai ta sayar.

Dattijuwar cikinmu ce ta yi magana. Ta ce: "Ɗiyata, kuɗin ga naki ne, namu ne. Amma ba a sayen magani ba a san ciwo ba. Ki ba mu sati biyu." Muka cire kuɗin mota daga asusun taimako, biyu daga cikinmu suka raka ta asibitin birni, wurin likitar motsa gaɓɓai, wadda ake ce wa kine.

Abin da muka jiyo a asibiti

Likitar ta sa yaron ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya cafe ƙwallo, ya zura ɗuwatsu a zare, ya zana gida. An duba idonsa da kunnensa, lafiya lau. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani, mu kuma ga shi mun kawo muku.

Yaran da gaɓɓansu ba sa bin umarninsu yadda ya kamata iri-iri ne, amma biyu aka fi haɗuwa da su.

Na farko shi ne irin na yaron nan. Jikinsa da ƙarfi, hankalinsa garau, sai dai saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa ba ya isa a tsare. Ya san abin da yake so ya yi, hannun ne ke makara ko ya zarce. Likitoci na kiran abin dispiraksi. A lissafin masana, cikin yara 100 masu shekarun makaranta ana samun wajen 5 ko 6 da ke da shi, kuma ya fi yawa ga maza. Ku duba ajin lakwal mai yara 60, ku lissafa da kanku. Da yawansu ba sa rabuwa da abin don kawai sun girma. Koya musu ake yi.

Na biyu shi ne wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni tun yana ciki, ko wurin haihuwa, ko yana jariri. Doguwar naƙudar da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba na kawo shi. Haka haihuwar bakwaini, da shawara mai tsanani a kwanakin farko, da sanƙarau, da masassarar cizon sauro in ta taɓa ƙwaƙwalwa. Sai a ga yaro jikinsa ya sandare, ko ya saki laƙwas, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule. A duniya ana samun wajen 2 zuwa 3 cikin jarirai 1000, kuma a ƙasashe irin namu ya fi yawa. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ba kuma laifin uwa ba ne. Mun san abin da ake faɗa a zaure da bakin rijiya, a ce iska ce, a ce ɗan ruwa ne, a ce baki ne. Kowa ya yi addu'arsa, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Amma kada a ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki, domin gaɓar da ba a motsawa ƙara ƙagewa take yi.

Muka ce mata, to mene ne maganin? Ta ce babban maganin shi ne maimaici. Ku tuna hanyar gona. Ba wanda ya share ta, ƙafa ce ta bi yau, ta bi gobe, har ciyawa ta kwanta, hanya ta fito. Haka ƙwaƙwalwar yaro ke fitar da hanya zuwa hannu. Kuma aikin da ake so ya iya, shi ɗin ne zai yi ta yi. In maɓalli ake so, maɓalli zai yi ta sawa. In cokali ne, cokali. Sau goma ba ya isa, sai ɗaruruwa.

Nan matsalar take. Wane yaro ne zai zauna ya sa maɓalli sau ɗari don an ce masa magani ne? Sau uku zai yi ya fashe da kuka, uwa ta ƙufula, a watse. Amma yaron nan da kansa zai yini yana tura gare a rana ba wanda ya sa shi. Saboda haka ne masu ƙira a ƙasashe da dama suka duƙufa wajen haɗa kayan wasa da ke ɓoye maganin a cikinsu, kamar yadda muke ɓoye ƙwaya cikin lomar tuwo.

Yadda masu ƙira ke haɗa su

Ɗiyar sakatariyarmu na karatu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Da ta zo hutu muka sa ta ta bincika mana a intanet, ta nuna mana hotuna da bidiyo, ta fassara mana. Ga abin da muka fahimta.

Irin waɗannan kayan wasa kashi uku ne a jiki ɗaya. Akwai abin da hannu ke kamawa, mai nauyi da tauri ko laushi, kamar ƙwallo, ko guntun katako, ko ƴar tsana. Akwai wata ƴar na'ura a ciki da ke jin an taɓa, ko an matsa, ko an karkata. Kun san ta, tana cikin salular zamani: ita ce ke sa hoto ya juya in kin juya wayar. Sai na uku, amsa. Da yaro ya yi motsin da ake so, nan take fitila ta kama, ko kiɗa ya tashi, ko wani abu ya motsa. Amsar nan ce ke sa ya ce bari in ƙara.

A shekarar 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da wani wasan talabijin mai suna Wii. Maimakon a zauna ana danne-danne, sai mutum ya tashi tsaye ya riƙe wata ƴar sanda, yana wurga hannu, na cikin talabijin na kwaikwayonsa. A 2007 suka ƙara da wani faranti da ake hawa, mai gane ɓangaren da mutum ya fi ba nauyinsa. Don nishaɗi aka yi shi, amma likitocin motsa gaɓɓai suka ɗauke shi suna koya wa yara tsayuwa ba tangaɗi.

A 2012 kuma wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Jay Silver da Eric Rosenbaum, suka fito da wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, mai suna Makey Makey. Ana maƙala masa wayoyi, a haɗa su da duk abin da lantarki mara ƙarfi ke iya bi, ko ayaba ce, ko cokali, ko danƙararren ƙullu. Da an taɓa abin, sai kwamfuta ta ɗauka an danna mata maɓalli. Ga yaron da yatsunsa ba sa iya ƙananan maɓallai, sai a yi masa babba kamar faifai, a ajiye shi daidai inda ake so hannunsa ya kai.

Akwai wata dubarar da ta fi waɗannan sauƙi da araha. Ana zura wani siririn faifan tagulla tsakanin batir da ƙarfen da yake taɓawa a cikin kowane abin wasa mai batir, a jawo wayoyi biyu zuwa wani babban madanni. Abin wasan ba zai tashi ba sai yaro ya danna madannin.

Su kansu masu binciken na cewa kayan nan ƙari ne bisa aikin likita da na iyaye, ba sa maye gurbinsu. Nan muka gane inda maganar mai shago ta karkace. Allon gilashi yatsa ɗaya yake sa wa aiki, yana zamewa bisa santsi. Ba nauyi, ba riƙo, ba hannu biyu. Yaro na iya ƙwarewa a shafa gilashi, maɓallin rigarsa na nan yadda yake. Ga kuma gargaɗin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019: yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Namu na farko ya faɗi

Muka ce, to in kashi uku ne, ai duk muna da su a gari. Muna da kafinta, muna da tela a cikin ƙungiya, ga yaron da ke gyaran salula da tocila a bakin tasha.

Muka haɗa akwati na kwali mai ramuka goma. Muka sa kafinta ya fere mana ƴan sanduna. Mai gyaran salula ya ɗaura wata ƴar ƙararrawa mai batir, wadda ke ƙara in sanda ta goge gefen rami. Mu dai a ganinmu mun yi abin kirki, har da guɗa.

Yaron ya gwada sau huɗu. Duk gwaji sai ƙararrawa ta yi ƙara, ƙannensa su kwashe da dariya. Ya ture akwatin da ƙafa, ya ce: "Inna, wannan na jarirai ne." Ya fita.

Da muka mayar wa likitar da labari, dariya ta yi, ta ce kuskure uku muka yi. Ramukan sun yi masa ƙanana. Ƙararrawar na tona masa asiri ne duk lokacin da ya kuskure, alhali yaron da ya sha bulala a kan kuskure abin da yake bukata shi ne a yi shelar nasararsa. Na uku, wanda ya fi ba mu kunya, ba wadda ta tambaye shi me yake so. Mu da kullum muke ƙorafi in an zo mana da tsari daga birni ba a tambaye mu ba, ga shi mun yi wa yaro irinsa.

Muka kira shi, muka ba shi ƙosai, muka ce: "Kai, wane wasa ka fi so?" Bai ko yi tunani ba ya ce manyan motoci, irin masu ɗaukar albasa da ke wucewa bisa kwalta.

Babbar mota da tasharta

Yayyensa maza suka ƙera masa babbar mota ta gwangwani da waya, irin wadda yaranmu suka saba yi, mai doguwar sitiyari da ake turawa a tsaye. Aka lanƙwashe duk bakin gwangwanin don kada ya yanke shi. Telarmu ta ɗinka wa motar tamfol na tsohon yadi, wanda ba ya rufuwa sai da maɓallai. Ta fara da manya uku, masu faɗin kwabon dala ashirin da ɗori, da ramuka masu yalwa. Dokar wasan ita ce direba ba ya tashi sai ya loda kaya, ya rufe tamfol. Kayan kuwa muraffan kwalba ne da guntayen kara, yana ɗauka da cokali yana zubawa.

Sai tasha. Tsohon akwatin nan muka mayar tasha, aka faɗaɗa ramukan, aka juya aikin ƙararrawar. Yanzu a ƙasan kowane rami akwai ƙarafa biyu da ba sa haɗuwa sai sanda ta shiga har ƙarshe. Da ta shiga, ƙwan tocila ya kama, oda ta yi ƙara, an buɗe wa direba hanya. A tsakar gida aka zana hanya da gawayi, mai faɗi da farko, mai kwana biyu, yana tura motar a kai.

Ran farko sai da aka kira shi cin tuwo sau uku. Uwar ta ce ta ƙirga, a yammaci ɗaya ya sa maɓalli ya cire fiye da sau ashirin, ba wanda ya ce masa yi. Bayan sati biyu tela ta canza maɓallan da matsakaita, kafinta ya kawo murfi mai ƙananan ramuka, hanyar gawayi ta ƙara tsukewa.

Ƙwarya mai magana

Da labari ya bazu, sai wata ƴar ƙungiyar ta zo da jikarta mai shekara 3, irin na biyun nan da muka faɗa. Hannunta na dama kullum a dunƙule, ba ta zama sai an tallafe ta. Ita ma asibiti muka fara kai ta. Likitar ta ce kafin a yi maganar wasa sai an gyara mata zama, domin yaron da ke fama da kada ya faɗi ba ya da hannun wasa. Ta nuna mana yadda ake yin kujera da kwali: a yanka kwalaye, a jera su wannan a tsaye wannan a kwance, a manne da kunun fulawa, a lulluɓe da takarda, a shanya har ya bushe ya yi tauri kamar katako. Dubarar daga Zimbabuwe ta fito, kuma ana amfani da ita a ƙasashen Afirka da dama. Mun auna yarinyar, mun yi mata daidai jikinta, ƙafafunta na taka ƙasa.

Abin wasanta kuwa mai gyaran salula ne ya kawo shawarar. Igiyar kunne ta salula, wadda ake jin waƙa da ita, tana da wani ɗan maɓalli a jiki. A yawancin wayoyi in an danna shi sauti ya tashi, in an ƙara dannawa ya tsaya. Sai ya ɗaure maɓallin bisa katako, ya kifa ƴar ƙwarya a kai da soso a ƙarƙashi, yadda ko an ɗan dafa ƙwaryar maɓallin zai dannu. Abin da ake sawa a kunnen aka manna shi cikin wani kofi don sautin ya fito. Muka ɗauki muryar kakar a waya tana kiran sunan yarinyar, tana yi mata kirari da guɗa. Wayar na ɓoye a bayan kujera, yarinya ba ta ganin gilashi, ƙwarya kawai take gani.

Aka ajiye ƙwaryar a ɓangaren dama. Kwana biyu tana miƙo hagu, ana ɗan riƙe hagun a hankali cikin wasa. Ran na uku ta ɗora dunƙulallen hannun, muryar kakarta ta tashi. Ta zaro ido, ta waiga, ta ga kakar zaune bakinta rufe. Ta sake dafawa. Wallahi ranar ba wadda ba ta share hawaye ba.

Abin da muka koya

Ga wadda ke son gwadawa, ga abin da muka tsinta.

A fara da asibiti. Likita ce za ta faɗi motsin da yaron ke bukata, domin akwai motsin da ke ƙara wa wani yaro sandarewa.

A zaɓi aiki ɗaya na yau da kullum, kamar cin abinci da kansa, ko sa riga, ko riƙe alli. In ya samu, a wuce na gaba.

A tambayi yaron, in bai iya magana ba a lura da abin da ke sa shi dariya.

A sa wahalar daidai shi, yadda zai ci nasara sau da yawa, ya kuskure jefi-jefi. Kuma a ƙera abin yadda za a iya ƙara masa wuya ba sai an sake sabo ba.

Amsa ta zo nan take, kuma bisa nasara. In batir ya ƙare, tafi da guɗa ma amsa ce. Mun ga ranar da wayar ba caji, yayar yarinyar ta ɓuya bayan ƙofa tana yin muryar da bakinta, wasa bai tsaya ba.

Kaɗan-kaɗan kullum ya fi yini guda a sati. Da ya gaji a bari.

A sa sauran yara a ciki. Abin wasan da na mai lalura ne shi kaɗai, tsangwama yake jawo masa. Motar nan yanzu layi ake yi mata, mai ita ne kuma ke ba da izini. Wasanninmu na gado ma kada a raina su. Carafke na koyar da ido da hannu, langa da ƴar gala-gala na koyar da tsayuwa, gaɗa na koyar da tafi bisa ƙa'ida. A sauƙaƙa wa yaron dokar, a bar shi ya shiga.

Sai hattara, ku ji da kyau. Batir kaɗai, kada a kusanci wutar gida, kada kuma a ba yaro abin da ke haɗe da waya tana bisa caji. Ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli, na agogo da ƙananan fitilu, haɗari ne babba. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2. In ya faru a ruga asibiti, kada a tsaya sa shi amai. Gidan batir a ɗaure shi da kusa mai murɗi. Ga yaro ƙasa da shekara 3, ko wanda ke kai komai baki, ban da wake, da tsakuwa, da ɗuwatsu, da murfin kwalba. Ban da doguwar igiyar da za ta iya naɗe wuya. Ban da tsohon fenti, don wani na ɗauke da gubar dalma. Kuma babba na kusa duk lokacin wasa.

Ina aka kwana

Ba za mu yi muku ƙarya ba, yaron bai warke ba, don ba ciwon da ake warkewa dare ɗaya ba ne. Yau yana sa maɓallan rigarsa ta lakwal da kansa, sai na wuya ne ke gagararsa. Koko na zuba, amma ba rabi ba. Rubutu har yanzu a hankali. Mun je mu uku wurin mushensu da takardar likita, muka gaishe shi da girmamawa, muka yi masa bayani. Bawan Allah ya ce bai taɓa jin abin ba, ya ɗauka ƙiwuya ce. Ya mayar da yaron gaba, yana ƙara masa lokaci, wani abin ya tambaye shi da baki. An naɗa wa alƙalaminsa tsumma ya yi kauri, riƙon ya fi masa daɗi. Ciwon cikin safe ya tafi. Yarinyar kuwa ta fara buɗe yatsu biyu in za ta dafa ƙwarya, kuma tana ci gaba da zuwa asibiti.

Duk abin da muka kashe, da batir, da wayoyi, da ladan kafinta da mai gyara, bai kai jika 5 ba. Uwar yaron ta karɓi rance daga baya, na jika 20, ta ƙara wake da mai. Ta riga ta biya.

Yanzu ƙungiyarmu na da akwati na biyu, na kayan wasa. Mace ɗaya ke riƙe da shi, da littafin da ake rubuta wa ya ara, yaushe, da abin da yaron ya iya kafin da bayan. Ana wanke kaya da sabulu kafin su wuce wani gida. Duk wata muna cire kuɗin batir daga asusun taimako.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, abin da muka nuna wa duniya shi ne da dala-dala ake tara jika. Hannun yaro ma haka yake koyo. Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu lalurar nakasa tun 2008, amma takarda ba ta shiga ɗaki ta fito da yaro tsakar gida. Wannan aikin namu ne.

A zamanku mai zuwa, bayan an rufe akwati, ku ɗauki minti goma ku tambayi juna: a gidajenmu wane yaro ne ake ce wa sakarai ko raggo? Wane ne ba a fitowa da shi? Ku gaya wa masu goyo su je asibiti in jariri ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai yi tafiya ba, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi tun bai shekara ba. Wanda kuwa ya iya abu sannan ya daina iyawa, wannan kada a kwana. Ranar 3 ga Disamba ce ranar masu lalurar nakasa ta duniya. Muna so kafin ranar kowace ƙungiya ta ƙera ko da abin wasa ɗaya, ta aiko mana da labarinsa ta hannun mai kawo muku takardar nan. Wanda ya faɗi ma ku faɗa mana, don mu daga namu da ya faɗi muka fi ƙaruwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka a asusunmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.